Aikin yanar ido bayan gyaran gani da leza: Yadda ake lissafin ƙarfin madubin da za a dasa

Miliyoyin mutanen da aka yi wa gyaran gani da hasken leza tun daga tsakiyar shekarun 1990 sun fara shiga shekarun da yanar ido kan kama mutum. Da yawa daga cikinsu sun shafe shekaru 20 ko fiye ba su sanya tabarau ba, kuma fatansu shi ne su ci gaba da zama a haka bayan an cire musu yana.

Sai dai likitocin ido sun daɗe da gano cewa aikin lezar da aka yi a baya yana rikita lissafin ƙarfin madubin roba da ake dasawa a cikin ido. Idan ba a yi la'akari da wannan ba, mutum zai iya fitowa daga tiyata yana ta tafi, ido ya washe, amma ba ya iya gani sosai, nesa da kusa, sai da tabarau.

Wannan bayani ne kan yadda ake yin lissafin, da inda kuskure ke shigowa, da hanyoyin da masana suka ɓullo da su domin rage shi.

Yadda ido ke tattara haske

Ido yana da sassa biyu da ke lanƙwasa haske domin ya taru a kan retina, wato shimfiɗar da ke can bayan ido mai karɓar hoto. Na farko shi ne koniya, tantanin nan garai-garai mai ɗan tudu da ya rufe baƙin ido daga gaba. Na biyu kuwa shi ne madubin ido, wanda ke zaune a cikin wata 'yar jaka a bayan baƙin ido.

Ana auna ƙarfin lanƙwasa haske da ma'aunin da ake kira dayofta, wanda shi ne lambar da ake rubutawa a takardar yanka tabarau. Idon babban mutum yana da ƙarfin kimanin dayofta 60. Koniya ce ke da kaso mafi tsoka, kimanin dayofta 43, yayin da madubin ido ke cike ragowar. Tsawon ido daga gaba zuwa baya kuwa kimanin milimita 23 da rabi ne.

Idan ido ya fi haka tsawo, ko koniya ta cika tudu, haske yakan taru kafin ya kai ga retina, sai mutum ya riƙa ganin abin da ke kusa amma na nesa ya zame masa dishi-dishi. Wannan shi ne rashin ganin nesa. Idan kuwa ido gajere ne, ko ƙarfinsa ya gaza, haske bai gama taruwa ba yake isa retina, sai ganin kusa ya yi wahala, kuma idan shekaru suka ja har na nesa ma ya shafa.

Yanar ido ita ce dusashewar madubin ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 94 ne ke fama da raunin gani ko makanta sakamakon yana. A Najeriya, binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa yana ce ke haddasa kimanin kashi 43 cikin 100 na makanta a tsakanin masu shekaru 40 zuwa sama. Ba ta da wani magani sai tiyata, inda ake cire madubin da ya dusashe a maye gurbinsa da na roba.

Tarihin lissafin

Wani likita ɗan Birtaniya, Harold Ridley, shi ne ya fara dasa madubin roba a idon ɗan Adam, a asibitin St Thomas da ke London, bayan aikin da ya fara a watan Nuwamban 1949. Ya lura a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu cewa ɓarɓashin robar gilashin jiragen yaƙi da ke shiga idanun matuƙa ba ya haddasa kumburi, don haka ya zaɓi irin wannan roba. Dashen ya zauna, to amma madubin ya yi ƙarfi fiye da kima, majiyyaciyar ta tashi da matsanancin rashin ganin nesa. Ke nan tun daga dashen farko aka fahimci cewa zaɓen ƙarfin madubi yana da muhimmanci kamar ita kanta tiyatar.

A 1967 likitan nan na Tarayyar Sobiyet, Svyatoslav Fyodorov, ya wallafa ƙa'idar lissafi ta farko da ta dogara kan ilimin haske. A 1980 kuma wasu likitocin Amurka uku, Sanders da Retzlaff da Kraff, suka fito da wata ƙa'ida mai sauƙi da aka yi wa laƙabi da SRK, daga haruffan farko na sunayensu.

Ƙa'idar SRK tana buƙatar abubuwa uku: tsawon ido, da ƙarfin koniya, da wata lamba da kamfanin da ya ƙera madubin ke bayarwa. Ana ninka tsawon ido sau 2.5, a ninka ƙarfin koniya sau 0.9, sannan a ɗebe su biyun daga lambar kamfani. Alal misali, idan lambar kamfani 118.4 ce, tsawon ido milimita 23.5, ƙarfin koniya kuma dayofta 43.5, amsar ita ce madubi mai dayofta 20.5.

An daina dogaro da wannan ƙa'ida a manyan asibitoci, domin tana kuskure a idanu masu tsawo da gajeru, amma tana nuna abin da ya kamata a sani. Kuskuren milimita ɗaya a awon tsawon ido yana jawo kuskuren kusan dayofta biyu da rabi, kuma kuskuren dayofta ɗaya a awon koniya yana jawo kusan dayofta ɗaya a madubin da za a zaɓa.

Daga baya an sami ƙa'idoji da suka fi ta inganci, irin su Holladay ta 1988, da SRK/T ta 1990, da Hoffer Q ta 1993. Kazalika a 1999 kamfanin Zeiss na Jamus ya fito da na'urar IOLMaster mai auna tsawon ido da haske ba tare da taɓa ido ba, abin da ya rage kuskuren awon tsawo ƙwarai idan aka kwatanta da tsohuwar na'ura mai aiki da sauti.

Abin da leza ke yi wa koniya

Gyaran gani da leza ba ya taɓa madubin ido, kuma ba ya sauya tsawon ido. Koniya kaɗai yake sassaƙawa. An fara yin nau'in da ake kira PRK a idanun mutane a ƙarshen shekarun 1980, inda ake kankare saman koniya kai tsaye. A wajajen 1990 likita Ioannis Pallikaris na tsibirin Crete a Girka ya gabatar da LASIK, inda ake ɗaga wani siririn marfi daga koniya, a sassaƙe ƙarƙashinsa, sannan a mayar da shi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da leza domin aikin PRK a 1995, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 LASIK ya bazu a ƙasashe da dama. Akwai kuma sabon nau'i mai suna SMILE, wanda hukumar ta amince da shi a 2016.

Kaurin tsakiyar koniya bai wuce rabin milimita da ɗan ɗoriya ba, kimanin maikiron 540. Domin gyara dayofta ɗaya na rashin ganin nesa a fili mai faɗin milimita 6, leza tana cire kimanin maikiron 12 daga tsakiya. Hakan yana rage tudun tsakiyar koniya, ƙarfinta ya ragu, haske ya koma taruwa a kan retina. Ga mai ƙarancin ƙarfin ido kuwa, gefe ake sassaƙewa domin tsakiya ta ƙara tudu.

Duk ƙa'idojin da aka ambata an gina su ne bisa awon idanun da ba a taɓa yi wa aiki ba. Da zarar siffar koniya ta sauya, kuskure yana shigowa ta ƙofa uku.

Ƙofa ta farko: wurin da na'ura ke aunawa

Na'urar auna koniya, wadda ake kira keratomita, ba ta auna ainihin tsakiyar koniya. Tana haska ɗigo-ɗigo a wani zobe mai faɗin kimanin milimita 2 da rabi zuwa 3, sannan ta ɗauka cewa tsakiya ma haka take. A idon da ba a taɓa ba wannan zato yana kusa da gaskiya.

Bayan gyaran rashin ganin nesa, tsakiyar koniya ta fi kewayenta bajewa. Na'urar tana auna wurin da ya fi tudu, alhali mutum yana gani ne ta tsakiya. Saboda haka takan ba da lambar da ta fi ainihin ƙarfin koniya. Wannan kuskure ya fi yawa a idanun da aka yi wa aiki da tsofaffin na'urorin shekarun 1990, masu sassaƙa ƙaramin fili, da kuma idanun da aikin bai faɗa daidai tsakiya ba.

Ƙofa ta biyu: bayan koniya

Koniya tana da fuska biyu, ta waje da ta ciki. Ta waje tana da ƙarfin kimanin dayofta 49, ta ciki kuwa tana rage kimanin dayofta 6, abin da ya bar 43. Keratomita fuskar waje kaɗai take gani. Domin cike giɓin, tun ƙarni na 19 aka amince a yi amfani da wata lamba, 1.3375, a maimakon ainihin ma'aunin lanƙwasa haske na naman koniya, wanda shi ne 1.376. Lambar tana aiki ne muddin fuskokin biyu suna kan dangantakar da aka halicce su da ita.

Leza tana sauya fuskar waje, ta bar ta ciki kusan yadda take. Dangantakar ta wargaje ke nan, kuma na'urar tana ganin kusan kashi 90 cikin 100 ne kawai na sauyin da aka yi.

A ɗauki misalin mutumin da ƙarfin koniyarsa dayofta 44 ne, kuma yana sanya tabarau mai dayofta 6 na rashin ganin nesa. Da yake tabarau yana zama ne kimanin milimita 12 daga ido, abin da ake buƙatar cirewa a kan koniya shi ne dayofta 5.6. Idan aikin ya yi daidai, ƙarfin koniyarsa ya koma 38.4. Amma keratomita za ta nuna kusan 39. Bambancin ya ɗan haura rabin dayofta, kuma da yake ana ƙera madubin roba ne da tazarar rabin dayofta tsakanin wani da wani, wannan kaɗai ya isa a ɗauko madubin da bai dace ba.

Ƙofa ta uku: inda madubin zai zauna

Babu na'urar da za ta iya auna, kafin tiyata, ainihin wurin da madubin roba zai tsaya a cikin ido bayan jakarsa ta warke ta kama shi. Hasashe ake yi. Wani nazari da masanin nan Sverker Norrby ya wallafa a 2008 ya nuna cewa wannan hasashe ne babban tushen kuskure ko da a idanun da ba a taɓa yi wa aiki ba, inda ya ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin uku na kuskuren baki ɗaya.

Ƙa'idoji irin su SRK/T da Holladay da Hoffer Q suna amfani da tudun koniya wajen wannan hasashe. A halitta, ido mai bajajjiyar koniya yakan kasance da ƙaramin fili a gabansa, don haka madubi yakan zauna kusa da gaba. Madubin da ke kusa da gaba kuwa ya fi tasiri, saboda haka ƙa'idar takan rage masa ƙarfi.

To amma a idon da aka yi wa leza, bajewar koniya aikin hannu ne, zurfin cikin ido yana nan yadda yake. Ƙa'idar takan zaci madubin zai zauna a gaba, ta zaɓi mai ƙarancin ƙarfi, alhali zai zauna ne a can baya inda ake buƙatar wanda ya fi ƙarfi. A idanun da aka yi wa babban gyara, wannan kuskure shi kaɗai yana iya wuce dayofta ɗaya.

Abin da ya sa matsalar ta yi tsanani shi ne, bayan gyaran rashin ganin nesa, kurakuran uku duk gefe ɗaya suke karkata. Kowannensu yana sa a zaɓi madubin da ƙarfinsa ya gaza. Kuma da yake madubin roba na yau da kullum ba ya sauya siffa kamar na halitta, wanda aka dasa wa mai rauni ba shi da wata tazara da zai gani tangaran ba tare da tabarau ba. A shekarun farko an sha samun majiyyata da suka tashi da kuskuren dayofta biyu, uku, ko fiye. Ga waɗanda aka ƙara wa tudun koniya kuwa, kuskuren yakan karkata ɗaya gefen, wato su tashi da rashin ganin nesa, kuma galibi bai kai na farko girma ba.

Hanyoyin da suka dogara da tsohon bayani

Mafita ta farko da aka gwada ita ce komawa ga takardun majiyyaci. A 1989 likita Jack Holladay na birnin Houston ya bayyana hanyar da ake ɗaukar ƙarfin koniya kafin aiki, a ɗebe yawan gyaran da aka samu, kamar yadda aka yi a misalin da ya ba da 38.4. Shekaru da dama ana kallon wannan hanya a matsayin ma'auni.

A 2003 likita Jaime Aramberri na ƙasar Sifaniya ya kawo maganin kuskure na uku. Ya ba da shawarar a ba ƙa'ida lambobin koniya biyu: tsohuwar lamba domin hasashen wurin zaman madubi, sabuwar kuma domin lissafin haske. Idan babu tsohuwar lamba, akan saka matsakaiciyar lambar da aka san yawancin mutane na da ita.

A 2006 kuma Samuel Masket na birnin Los Angeles ya wallafa wata hanya mai sauƙi. Ana yin lissafi yadda aka saba, sannan a ƙara wa madubin kimanin kashi ɗaya cikin uku na dayofta a kan kowane dayofta ɗaya da leza ta gyara. Ga wanda aka gyara wa dayofta 6, ƙarin ya kai kimanin dayofta 2.

Sai dai tsohon bayani yana da nasa raunin. Takardu sukan ɓace, asibitoci sukan rufe, wasu kuma a wata ƙasa aka yi musu aikin. Koniya takan ɗan koma da baya a tsawon shekaru. Bugu da ƙari, ita kanta yana takan sauya ƙarfin ido tun kafin mutum ya san yana da ita, shi ya sa wasu dattawa kan wayi gari suna karatu ba tabarau su zaci idonsu ne ya gyaru. Awon da aka yi bayan yana ta fara ba zai nuna ainihin abin da leza ta yi ba. Wani nazari da Li Wang da Warren Hill da Douglas Koch suka wallafa a 2010 ya nuna cewa hanyoyin da suka dogara da tsohon awon koniya ba su kai sauran daidaito ba, kuma tun daga lokacin aka rage amfani da su.

Hanyoyin da ba sa buƙatar tsohon bayani

A 2003 likita John Shammas ya fito da hanyar gyara lambar da keratomita ta bayar ba tare da neman wata takarda ba. Ana ninka lambar sau 1.14, a ɗebe 6.8. Idan na'ura ta nuna 39, gyararriyar lamba ita ce kusan 37.7. Za a lura cewa wannan ta bambanta da 38.4 da hanyar tsohon bayani ta bayar a ido ɗaya, kuma irin wannan saɓani shi ne abin da likita ke fuskanta a kullum.

A 2008 Wolfgang Haigis na Jami'ar Würzburg a Jamus ya wallafa ƙa'idar Haigis-L. Fa'idarta ita ce ba ta amfani da tudun koniya wajen hasashen wurin zaman madubi, tana auna zurfin gaban ido ne kai tsaye, don haka kuskure na uku bai shafe ta ba. Daga bisani Graham Barrett na birnin Perth a Ostareliya ya samar da True-K, wadda ke aiki da tsohon bayani ko babu shi, kuma tana cikin waɗanda aka fi amfani da su a yanzu.

Saboda yawan hanyoyin, a 2007 Ƙungiyar Likitocin Tiyatar Yana da Gyaran Gani ta Amurka ta buɗe wani shafin lissafi kyauta a intanet, wanda Hill da Wang da Koch suka tsara. Likita yakan shigar da awon da yake da shi, shafin ya fitar da amsar kowace hanya, tare da matsakaicinsu da mafi ƙanƙanta da mafi girma. Likita a Kano ko Yamai yana iya amfani da shi kamar takwaransa na Amurka, muddin yana da ingantaccen awo.

Ci gaba mafi muhimmanci shi ne na'urorin da ke auna fuskar ciki ta koniya kai tsaye, maimakon yin zato. Daga cikinsu akwai Pentacam mai ɗaukar hoton koniya da kyamara mai juyawa, da sababbin na'urorin da ke yanka hoton ido da haske, irin su IOLMaster 700. Akwai kuma na'urar da ake haɗawa da madubin tiyata, wadda ke auna ƙarfin ido a tsakiyar aiki bayan an cire yana kafin a dasa madubi. Ita ma tana da iyaka, domin ido a kan teburin tiyata ba daidai yake da ido bayan ya warke ba, kuma ba ta iya faɗin inda madubin zai tsaya.

Yaya sakamakon yake?

Likitoci suna auna nasara ne da yawan idanun da suka faɗa cikin rabin dayofta daga abin da aka yi niyya, domin a wannan tazara yawancin mutane suna ganin nesa ba tare da tabarau ba. A idanun da ba a taɓa yi wa aiki ba, wani babban nazari da aka wallafa a Amurka a 2018 ya nuna cewa ƙa'idoji mafi inganci suna kai kimanin kashi 80 cikin 100.

A idanun da aka yi wa leza, yawancin nazarce-nazarce sun nuna kimanin kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Wani nazari na 2016 kan ƙa'idar True-K ya sami kusan kashi biyu cikin uku a cikin rabin dayofta, da sama da kashi 90 a cikin dayofta ɗaya. Ma'ana, babban kuskure irin na shekarun baya ya ragu sosai, amma kimanin mutum ɗaya cikin uku zai iya buƙatar ɗan tabarau domin ganin nesa.

Saboda haka likitoci da yawa sukan karkata lissafi kaɗan zuwa ɓangaren rashin ganin nesa. Hujjarsu ita ce, idan aka kuskure ta wannan gefe mutum zai iya karatu da duba waya, amma idan aka kuskure ta ɗaya gefen babu abin da zai gani da kyau.

Waɗanda aka yi wa tsagar koniya

Kafin zuwan leza, akwai aikin da ake kira RK, wanda Fyodorov ya yaɗa daga 1974, inda ake yi wa koniya tsaga-tsaga da wuƙa kamar sandunan ƙafar keke domin tsakiyarta ta baje. Waɗannan idanu sun fi wuyar lissafi. Koniyarsu tana sauya siffa tsakanin safiya da maraice, kuma tana ci gaba da bajewa da shekaru. Wani binciken Amurka da aka wallafa a 1994 ya nuna cewa bayan shekaru 10, kashi 43 cikin 100 na idanun sun ƙara karkata da dayofta ɗaya ko fiye.

Bayan cire yana, tsagogin sukan kumbura na ɗan lokaci, gani ya rikice. Shi ya sa ake jiran makonni, wani lokacin watanni, har awo ya daidaita kafin a yanke hukuncin cewa an yi kuskure.

Zaɓen nau'in madubi da gyaran kuskure

Madubin da ke ba da ganin nesa da kusa a lokaci ɗaya yana raba haske gida biyu ko uku, kuma ba ya jure kuskuren lissafi. A idon da koniyarsa ba ta da santsi bayan leza, yana iya ƙara ƙyalli da zoben haske da daddare. Don haka likitoci sukan duba taswirar koniya da kyau kafin su amince da shi, kuma da yawa sukan fi son madubi mai tazara ɗaya.

A 2017 hukumar Amurka ta amince da wani madubi da ake iya sauya ƙarfinsa bayan an dasa shi, ta hanyar haska masa wani haske na musamman makonni kaɗan bayan tiyata, sannan a kulle shi. Wannan yana kauce wa matsalar hasashe, sai dai yana da tsada, yana buƙatar komawa asibiti sau da dama, kuma a ƙasashe ƙalilan ake samunsa.

Idan kuskure ya auku, mafi sauƙin gyara shi ne tabarau. Ana kuma iya sake yin leza idan koniya tana da sauran kauri, ko a ɗora ƙaramin madubi na biyu a gaban na farko, ko a cire madubin a sauya shi, wanda ya fi sauƙi a makonnin farko kafin jaka ta manne.

Abin da ya kamata majiyyaci ya yi

A Najeriya da Nijar, yawancin masu zuwa aikin yana ba a taɓa yi musu leza ba, kuma babbar matsalarsu ita ce samun tiyatar kanta. To amma akwai waɗanda aka yi wa aikin a Legas ko Abuja, ko a ƙasashe irin su Masar da Indiya da Saudiyya da Birtaniya lokacin karatu ko aiki, kuma wasunsu a gida za a cire musu yana.

Abu na farko shi ne mutum ya sanar da likita cewa an taɓa yi masa leza, ko da shekaru nawa ne suka wuce. Tabon LASIK yakan warke har ya yi wuyar gani, kuma a wurin da ake duba ɗaruruwan mutane a rana, kamar sansanonin aikin ido kyauta, abu ne mai sauƙi a tsallake shi. Likita mai lura yakan yi shakka idan ya ga dogon ido da bajajjiyar koniya, amma bai kamata a bar shi da zato ba.

Na biyu, a kawo duk wata takarda da ta rage, ko da ta tsohon tabarau ce, domin sanin yawan gyaran da aka yi yana taimaka wa wasu ƙa'idoji. Wanda ke shirin yin leza a yanzu ya nemi kwafin awonsa na kafin aiki da na bayansa, ya adana.

Na uku, a yi maganin bushewar ido kafin awo. Bushewa ta zama ruwan dare bayan LASIK, kuma takan ƙaru a lokacin hunturu da ƙura, alhali keratomita tana auna hasken da ke dawowa ne daga ruwan hawayen da ya lulluɓe koniya. Mai amfani da tabarau na mannawa a ido kuma ya ajiye shi na tsawon lokacin da likita ya faɗa kafin a yi awo.

Daga ƙarshe, majiyyaci yana da haƙƙin ya tambayi ko asibitin yana da na'urar auna ido da haske da ta ɗaukar taswirar koniya, da kuma hanyar lissafin da za a bi. Idan idanu biyu ne ke da yana, jinkirta na biyu har a ga sakamakon na farko yana ba likita damar gyara lissafinsa, musamman idan gyaran da aka yi wa idanun biyu a baya kusan iri ɗaya ne.